Butar Baba Sale

A ƙaramar majami'ar da ke ƙarshen unguwar Yalwawa a garin Dutse, can inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara, ba a ba shugaba sanda, ba a naɗa masa rawani. Buta ake ba shi. Wata tsohuwar butar ƙarfe ce mai lotsattsen ciki, wadda mariƙinta ya taɓa cirewa aka ɗaure da waya. In ka gan ta a bakin hanya ba za ka sunkuya ka ɗauka ba, amma duk wanda ya tashi a wannan ikkilisiya hannunsa ya san sanyin ruwanta.

Ga yadda abin yake. Duk ranar babbar sujada, Kirsimeti ko Ista ko godiyar kaka, in an tashi ba a watsewa. Zumuntar mata su sauke tukwane a bayan coci, a shimfiɗa tabarmi, a zauna a ci tuwo tare. Kafin kowa ya sa hannu a kwano, shugaban dattawa zai tuɓe babbar rigarsa, ya rataya tawul a kafaɗa, ya ɗauki buta da tasa, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa yana zuba musu ruwa. Tsoho da jariri a goye, mai albashi da mai turin baro, har matan da suka yi girkin. Shi ne ƙarshen ci, sau da yawa ma ƙanzo yake tararwa. Ranar da aka yi sabon shugaba kuwa, tsohon zai miƙa masa butar a gaban jama'a, ya koma ya zauna ya miƙa hannuwansa. Ruwan farko nasa ne. Sai an wanke masa hannu ake cewa shugabanci ya sauka daga kan wannan ya koma kan wancan.

Baba Sale mai bishara ne ya zo da wannan al'ada daga ƙauyensu, Tsamiyar Goje, can bayan Kiyawa, tun lokacin da ikkilisiyar ba ta wuce gidaje kaɗan masu taruwa a zaure ba. Yakan ce tunda Yesu Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, shi bai ga abin da zai hana shugaba wanke hannu ba, abin da ma ya fi ƙafa sauƙi. Wa'azinsa ba shi da tsawo, karatunsa ma da ƙyar yake jan sa, amma ya shekara da shekaru yana zagayawa da wannan buta har gwiwoyinsa suka yi kanta.

Ɗanladi ɗan ƙaninsa ne. Mahaifinsa ya rasu tun bai iya ɗaure wando ba, Baba Sale ya ɗauke shi ya haɗa da 'yarsa Lauratu, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Ya sa shi a boko lokacin da 'yan ƙauye ke cewa asarar hannun noma ce kawai. Yaron kuwa akwai kai. Ya yi karatu, ya sami aiki a sakatariya, ya yi ta hawa har ya zama mataimakin darakta a wata ma'aikata. Ya gina gida a unguwar Takur, ya auri Bilki, malamar firamare, suka haifi 'yarsu Murja.

Kada a ɗauki alhakinsa, Ɗanladi ba mugun mutum ba ne. Ba ya fashin sujada, ba ya hana abin hannunsa, in an kwantar da ɗan ikkilisiya a asibiti shi ne farkon zuwa. Ciwonsa ɗaya ne, idon mutane. Ya taso Bahaushe Kirista a garin da in ya faɗi sunansa da addininsa sai an sake dubansa, ya kuma sha jin ana kiran cocinsu cocin 'yan ƙauye, har daga bakin Kiristocin manyan majami'un cikin gari. Wannan magana ta zauna masa a ƙirji tun yana saurayi, ya ƙudura a ransa wata rana sai ya goge ta.

Da ƙarfin Baba Sale ya ƙare, ido ya koma gani dishi-dishi, in ya durƙusa sai an kama shi ya tashi, ikkilisiya ta zauna ta zaɓi Ɗanladi. Ko mutum ɗaya bai ja ba. Ya miƙe a gaban jama'a yana hawaye, ya ce shi bai isa ba, a yi masa addu'a. Kuma da gaske yake, a wannan Lahadin. Kafin Laraba dai ya riga ya kai shadda wurin tela.

Shirin ranar keɓewa ya fi na biki. An yi hayar rumfuna da kujerun roba, an kawo lasifika, an gayyato wani babban Rabaran daga Kano. Ɗanladi ya gayyaci abokan aikinsa har da daraktansa, Alhaji Misbahu, wanda ya ce in an gama sujada zai zo wajen cin abinci don ya taya shi murna. An tanadi teburi na musamman da farin ƙyalle. Sai kuma ya sayo bokitai masu famfo, irin waɗanda suka cika gari lokacin korona, da sabulun ruwa, ya sa aka jera a bakin rumfa.

Bilki ce ta fara ganin inda aka dosa. Tana goge masa sabuwar rigar ta tambaye shi, in ya sa wannan uwar shadda da ta sha sitati, yaya zai yi ya durƙusa. Ya ce mata zamani ya canza, ruwan tasa ɗaya ga mutum ɗari ba tsabta ba ne, ita da take koya wa yara kiwon lafiya ya kamata ta fi kowa sani.

"Baban Murja, ba maganar mutum ɗari nake ba," in ji ta. "Mutum ɗaya nake faɗa maka. Jiya na leƙa gidan Lauratu na tarar da Baba zaune yana goge butar nan da toka. Ba ya gani sosai, da yatsa yake lalubar inda bai yi santsi ba."

Ɗanladi ya kau da kai. Can ya ce ai bai ce ba zai yi ba, in baƙi sun tafi zai zuba wa Baba ruwa har ya gaji. Bilki ta ce in baƙi sun tafi an riga an ci abinci, wanke hannun me za a yi. Ya ɗauki makullin mota ya ce zai je duba masu rumfa.

Ranar ta zo, coci ta cika har waje. Mutanen Tsamiyar Goje sun ciko a-daidaita-sahu tun da sassafe, da kajinsu da ƙullin daddawa, don su ga ɗansu ya gaji ubansa. Rabaran ya hau bagadi, kuma kamar da gayya, sai ya ɗauko labarin daren da Ubangiji ya tashi daga cin abinci ya yi ɗamara da tawul. Ya ce wanda Allah ya kira shugabanci ba sama aka kira shi ba, ƙasa aka kira shi. Ɗanladi na zaune a gaba yana gyaɗa kai, har yana cewa amin da ƙarfi. Wa'azin ya yi masa daɗi ƙwarai, yana ta tunanin mutanen da ya kamata su ji shi.

Aka ɗora masa hannu, aka yi addu'a, aka fito wajen rumfa. Motocin abokan aiki sun iso. Alhaji Misbahu ya fito da farar rigarsa da ƙamshin turarensa, Ɗanladi ya tarye shi ya zaunar da shi a babban teburi, shi kuma ya zauna tsakaninsa da Rabaran. Rabonsa da jin daɗi irin na wannan lokaci ya daɗe. Ga manyan gari zaune a cocin 'yan ƙauye, ana zuba musu lemo.

Sai jama'a suka waiwaya. Lauratu ce ta riƙo hannun Baba Sale, suna tahowa a hankali ta tsakiyar tabarmi. Yana sanye da tsohuwar rigarsa ta saƙi da yake sawa ranar Kirsimeti, tawul a kafaɗa, buta a hannu tana ƙyalli yadda ba a taɓa ganin ta yi ba. Ya tsaya a gaban teburi, ya lalubo hannun Ɗanladi ya damƙa masa mariƙin, ya ɗora masa tawul a kan shaddar.

"Ga ta nan, ɗana," ya ce. "Ba ta da nauyi in ka saba."

Lauratu ta kai shi kan wani benci ya zauna. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannuwansa gaba, tafin a buɗe, yana murmushi.

Ɗanladi ya miƙe da buta a hannu. Tsakaninsa da bencin nan babu nisa ko kaɗan. Ya ɗaga ƙafa ke nan sai ya hango wani abokin aikinsa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, wani kuma ya sunkuya yana raɗa wa na kusa da shi magana suna murmushi. Wataƙila ma maganar ƙwallo suke yi. Amma Ɗanladi ya riga ya ga kansa a durƙushe cikin ƙasa, shadda ta jiƙe, hoton yana yawo a wayoyin sakatariya ranar Litinin, masinja da direba suna nuna wa juna. Kunya ta kama shi, irin mummunar kunyar nan da ke sa mutum ya ji kunyar abin da ya kamata ya yi alfahari da shi. Ya sunkuya ya tura butar ƙarƙashin teburi, farin ƙyalle ya rufe ta. Ya karɓi makirufo ya gode wa Baba bisa wannan tarihi mai daraja, ya ce saboda kiwon lafiya da yawan jama'a an tanadi bokitai da sabulu a bakin rumfa, kowa ya taimaka ya bi layi.

Aka daɗe ba wanda ya motsa. Sannan matasa suka tashi, sauran suka bi su, jiki a sanyaye.

Baba Sale bai gane abin da aka faɗa ba, don amon lasifika ba ya shiga kunnensa da kyau. Yana nan zaune da hannuwa a miƙe, fuskarsa na fuskantar inda ya bar Ɗanladi. Mutane na wucewa ta gabansa suna kau da kai. Da hannuwan suka gaji ya ɗan sauke, ya sake ɗagawa. Ɗanladi yana ganin wannan duka ta gefen ido, yana zuba wa Alhaji Misbahu miya, yana ba shi labarin yadda za su sa tayil a cocin. Daga ƙarshe Lauratu ta durƙusa ta yi wa mahaifinta magana a kunne. Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai, ya sauke hannuwansa kan cinya ya warware hannun rigarsa. Aka ajiye masa tuwo a gaba. Ya ce a rufe, sai an jima.

Ɗanladi ya raka baƙi mota ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya aka yi hotuna. Da ya dawo ya janyo butar daga ƙarƙashin teburi, ruwan cikinta har ya yi ɗumi. Benci babu kowa, kwanon tuwo na nan a rufe. Aka ce masa Baba ya bi 'yan ƙauye, ya ce dama tunda ya sauke nauyi gida zai koma, gara ya bi su tun da rana. Ɗanladi ya zubar da ruwan a gindin bishiya, ya jefa butar a but ɗin motarsa, ya ce wa kansa ranar Asabar zai je.

Asabar ta zo da taron dattawa. Ta gaba ta zo da ɗaurin aure. Baba Sale kuwa bai aiko da ƙorafi ba, ko da kalma ɗaya. Abin da yake aikowa gaisuwa ce, da gyaɗa, wata rana har da zabi biyu, wai a yanka wa shugaba. Da faɗa ya aiko da shi da ya fi wa Ɗanladi sauƙi, don ya tanadi amsoshi masu kyau a kan tsabta da ci gaba. Amma zabi ba a ba su amsa, sai dai a ci, shi kuwa ya kasa cin naman.

A gaskiya ya iya shugabanci irin wanda ake gani da ido. An sa tayil, an rataya fankoki, an zagaye fili da katanga. Ranar Ista aka raba abinci a robobi, kowa ya karɓi tasa ya kama hanya, kafin a ce me wuri ya zama wayam. Ba wanda ya zage shi. Kawai dai tsofaffin da suka saba kiransa Ɗanladi suna jan kunnensa sun koma ce masa ranka ya daɗe, su gaishe shi daga nesa su wuce. Da farko abin ya yi masa daɗi, daga baya ya gane ba girma ba ne suke ba shi, hanya suke ba shi.

Wata rana a ofis, bayan sun gama duba wani aiki, Alhaji Misbahu ya cire tabarau ya tambaye shi lafiyar tsohon nan na ranar bikinsu. Ɗanladi ya ce wane tsoho, alhali ya sani.

"Mai butar nan," in ji Alhaji. "Na manta abin da muka ci ranar, amma hannuwansa sun tsaya mini a rai. Mahaifina ya tuna mini, Allah ya jiƙansa. Wallahi ba don kada in shiga abin da ba hurumina ba, da na tashi na zuba masa ruwan da kaina. Wani naka ne?"

"Shi ya riƙe ni, Yallaɓai."

Alhaji ya dube shi, ya mai da tabaransa, ya ce Allah ya ba da lada, ya janyo wani fayil. Ɗanladi ya tashi ya fito. Ashe mutumin da ya ji kunyar durƙusawa a gabansa, abin da ya zauna yana jira ya gani ke nan.

Mai hankali da daga nan ya kama hanyar Kiyawa. Amma girman kai ba ya fita ta ƙofar da ya shigo, sai ya sake riga ya zauna. Ɗanladi ya yanke shawara zai gyara kuskurensa, amma gyara na gani na faɗa: ranar godiyar kaka zai aika mota a ɗauko Baba, ya tuɓe riga a gaban ikkilisiya duka, ya durƙusa, ya yi jawabi a kan tawali'u. Har ya fara tsara jawabin a ransa, yana jin inda mata za su yi kuka. Bilki ta ce masa Baba ba jawabi yake jira ba, ya ɗauki buta ya je yau, ko da daga shi sai kaji ne shaidu. Ya ce a gaban jama'a ya yi laifi, a gaban jama'a zai gyara. Maganar ta yi kama da gaskiya, shi ya sa ya riƙe ta. A lokacin gero bai ko fid da kai ba.

Ana cikin yankan gero, yana Kaduna wajen wani taron bita, Lauratu ta kira shi daga ƙauye. Ta ce Baba ya faɗi a bakin rumbu, an kai shi asibiti, an ce hawan jini ne. Ya farfaɗo, jiki da sauƙi, yana ci yana sha, an ma sallame su. Sai dai kansa ne. Daga ƙarshe ta ce, "Yaya, ka dai zo ka gani."

Bai tsaya rufe taron ba. Ya biya Takur ya ɗauki Bilki, suka wuce Kiyawa, suka saki kwalta suka bi burji tsakanin gonakin da aka kwantar da karansu. Butar na but tana ƙara duk inda suka faɗa rami, kamar yadda ta yi wata da watanni tana yi yana ƙara sautin rediyo. Yau bai kunna rediyon ba.

Sun isa da rana tsaka. Baba Sale na zaune a kan tabarma a inuwar tsamiyar ƙofar gida, ya rame, amma fuskarsa a sake. Kusa da shi maƙwabcinsa ne Malam Abdulwahab, mai makarantar allo, abokinsa tun suna kiwon awaki, yana kore masa ƙuda da mafici. Lauratu ta tare su tun kafin su ƙarasa. Ta ce wani lokaci yakan gane ta, wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarta. Abin da ya fi damunta lokacin cin abinci ne. Da an ajiye kwano sai ya naɗe hannun riga ya miƙa hannu, in ta kawo ruwa ya janye. Sai ta yi dabara, ta jiƙa tsumma ta goge masa tana jan sa da hira, sannan ta ba shi a baki.

Ɗanladi ya koma wajen mota. Ya buɗe but ya ɗauko butar, ta yi ƙura, tsatsa ta fara cin bakinta. Ya je randa ya ɗauraye ta ya cika. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Bilki, ya karɓi tawul da tasa a hannun Lauratu. Aka kawo tuwo aka ajiye. Baba Sale ya ji ƙarar kwano, ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannuwansa, tafin a buɗe, da murmushin nan na ranar.

Ɗanladi ya durƙusa a cikin ƙasa. Abin da ya gagare shi a gaban manya ashe bai fi haka wuya ba, gwiwa biyu ne kawai a ƙasa. Ya tura tasa ƙarƙashin hannuwan, ya karkata buta.

"Wane ne?" in ji tsohon.

"Ni ne, Baba. Ɗanladi."

Baba Sale ya karkata kai yana saurare, sannan ya yi 'yar dariya ya janye hannuwansa ya ɓoye a hammata.

"A'a, samari. Ɗanladi yana wajen baƙi. Manyan mutane ne suka zo masa, ba ya tashi ya bar su. In ya sallame su zai zo."

"Baba, sun tafi. Ni ne. Ka taɓa fuskata ka ji."

"Kada ka ji haushi, ɗan nan, ba raina ka na yi ba. Ruwan farko nasa ne. In na bari wani ya zuba, sai mutane su ce yaron ya ƙi ni, alhali ba halinsa ba ne. Ni na raine shi, na san shi."

Malam Abdulwahab ya sunkuya ya ce, "Malam Sale, ai shi ne a gabanka." Tsohon ya ce masa shi ma ido ya fara ba shi matsala ke nan, Ɗanladi da ke sanye da shadda, wannan kuwa ko riga babu. Ya juyo wajen Ɗanladi cikin tausayi ya ce in yunwa yake ji ya wanke hannu ya ci, kada ya jira shi.

Ruwan da ya riga ya zubo ya taru a tasa, babu hannun da ya taɓa. Ɗanladi ya kifa goshi a kan butar ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro, baƙin ciki da nadama suka taru suka danne shi. Ya roƙi gafara, ya faɗi abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, babu jawabi, babu tsari. Baba Sale ya saurara da kyau, ya dafa kansa, ya ce ko me ya yi wa nasa uban ya je ya same shi tun yana da rai, iyaye ba su da wuyar yafiya. Lauratu ta kawo jiƙaƙƙen tsumma ta zauna tana tambayar mahaifinta labarin gonar fadama, tana goge masa yatsu ɗaya ɗaya.

Ranar godiyar kaka babu robobi. An shimfiɗa tabarmi, mata sun sauke tukwane, Ɗanladi ya tuɓe riga ya bi jama'a da buta har ƙarshen layi, bai ce uffan a makirufo ba. Wata tsohuwa da ya zuba wa ruwa ta kira shi da sunansa ta ce ya rame. Mutane sun ji daɗi, wasu sun ce yanzu ne ya zama shugaba. Shi dai ya san ba haka al'adar ta ce ba. Ya fara ne daga mutum na biyu.

Tun daga nan duk Asabar motarsa na kan hanyar Tsamiyar Goje, babu taro ko ɗaurin auren da ke tsare shi. Yakan cika buta a randa, ya durƙusa, Baba ya tambayi wane ne, ya faɗa, tsohon ya janye hannu. Ya gwada zuwa da shaddar ranar, ya gwada kiran sunayen da Baba ke kiransa da su yana ƙarami. Ba abin da ya canza, sai dai tsohon ya saba da shi, yana kiransa baƙon Asabar, yana sa a ajiye masa gyaɗa.

Wata Asabar, bayan Lauratu ta gama ba shi abinci, Baba Sale ya lalubo hannun Ɗanladi ya riƙe.

"Kai da kake zuwa daga Dutse, ba ka gan shi a hanya ba?"

Ɗanladi ya dubi butar da ke gefensa, cike take har baki.

"Na gan shi, Baba," ya ce. "Yana tafe."

"Na sani," in ji tsohon. Ya saki hannunsa, ya gyara zama, ya fara naɗe hannun riga.